Ƙofar da Ke Kallon Ruwa

Ingila, watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Ummusalama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai. Yaya idon Baba? Kada ya daina ɗiga maganin da aka ba shi a Gadarif. Ki gaishe mini da kakarmu Hajo, ki ce angonta bai manta da tuwonta na asida ba. Ni lafiya lau, sai sanyi. Karatun injinan noma yana da wuya, amma alhamdu lillahi.

Kin ce in ba ku labarin wurin da nake. Ba zan ba ku labarin gari ba, labarin kogi zan ba ku, domin shi ne abokina a nan. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai kai tsawon lori ba, zurfinsa a yawancin wurare iya gwiwa. An ce yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani tudu mai farar ƙasa kamar alli, shi ya sa ruwansa garau yake, kana ƙirga tsakuwar da ke ƙasansa. Daga can yana gangarowa ta cikin makiyaya, shanu suna tsaye a gefensa suna sha ba mai korarsu. Ya ratsa ƙauyenmu ta ƙarƙashin wata gadar dutse, ya wuce wani tsohon gidan niƙa da a da ruwan ne yake juya masa dutse, sannan ya yi ta lanƙwasa kamar wanda ba ya gaggawar isa ko'ina, har ya faɗa wani kogin da ya fi shi, su tafi teku tare.

Akwai ciyawa a cikinsa doguwa, koriya, ruwa yana taje ta kullum. Akwai kifi mai ɗigo-ɗigo da ke tsayawa wuri ɗaya ya fuskanci inda ruwa ke fitowa. Gidaje kuwa a bakinsa suke, wasu har ruwan yana shafar bangonsu. Tsohuwa ta buɗe ƙofarta ta watsa wa agwagi gutsuren burodi ba tare da ta sa takalmi ba.

Ummusalama, ba ya ƙafewa. Rani da damina yana nan. Wani lokaci nakan tsaya a kan gadar in tuna yadda muke jiran mai jaki ya kawo mana ruwan sha. Wanda ya saba da buɗe ƙofa ya ga ruwa, ban san yadda zai koma zaman jiran jaki ba.

Ki karanta wa Baba, ki ce ina neman addu'arsa.

Yayanki,
Rufa'i

Doka, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Rufa'i,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. An ba mu hutu, na bar Gadarif na dawo gida. Idon Baba yana nan yadda yake, yana gane mutum in ya matso, amma rubutu ya gagare shi. Hajo ta ce in gaya maka asida ba ta jiran wanda ya yi nisa.

Wasiƙarka ta iso shagon Maiturare a kasuwar Gadarif, na taho da ita. Na karanta wa Baba bayan la'asar, Hajo tana dafa gahawar jabana. Ya ji daɗin labarin shanun da kifin. Da na kai ƙarshe sai ya ce, "Sake karanta wurin jakin nan." Na sake. Ya ce, "To." Kofinsa ya huce a hannunsa.

Hajo ta ce, "Wannan yaro ruwa ya sace mana shi." Da wasa ta faɗa, amma Baba bai yi dariya ba.

Yaya, kai ba ka san Doka ba, bayan tafiyarka muka taso daga Gadarif, da ido ya hana Baba aikin kafinta a kasuwa. Gidanmu yana kan tudu tare da sauran gidaje. A ƙasan tudun akwai hor, wato kwarin da ruwan damina yake bi. Yanzu yashi ne zalla, mata suna tona shi su sami ɗan ruwa. Tun da muka zo ba a yi damina mai ƙarfi ba, ban taɓa ganin ruwansa ya wuce idon sawu ba.

Baba ya fara gini a bakin hor ɗin. Ya ce gidanka ne. Ya fito da kayan aikinsa da ya daɗe bai taɓa ba, yana sassaƙa ƙofa da lalube, ya ce za ta kalli ruwa. Ya ce in an gama duk za mu koma can kafin damina, da mu da dawar da muka girbe, domin gida ba ya son zama babu mutane.

Ina da wata tambaya, kada ka yi mini dariya. Kogin naku yana cika? In ya cika, ina yake zuwa? Gidajen da ke bakinsa fa? Don Allah ka amsa mini wannan da kyau, ka yi tunani kafin ka rubuta, domin Baba zai ji.

Ƙanwarka,
Ummusalama

Ingila, watan Mayu

Ƙanwata Ummusalama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ji daɗi da idon Baba bai ƙara lalacewa ba. Nan furanni sun fito, sanyi ya ja baya.

Labarin gidan nan ya sa ni hawaye. Baba da lalurar ido yana sassaƙa mini ƙofa! Ki ce masa Allah ya saka masa da Aljanna, ban san da wane baki zan gode masa ba.

Tambayarki kuwa ta nuna mini malamin labarin ƙasa ya matsa muku. Ga amsa, ki rubuta a jarrabawa ki ci. Yana cika, amma a hankali. Farar ƙasar nan tana shanye ruwan sama ta riƙe, sannan ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Sai ki ga yau ya hau tsakuwa ɗaya, gobe ya hau ta biyu, kowa yana kallonsa. In ya yi yawa sai ya bazu cikin makiyaya ya kwanta, bayan 'yan kwanaki ya koma mazauninsa, ciyawa ta fi da kyau. Gidajen bakinsa wasu sun girmi kakan kakan Hajo, suna nan tsaye. Mai gidan da nake haya ya ce tun yana yaro ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofarsu ba. Ruwa maƙwabci ne mai kunya, in ka san halinsa.

Ki dage da karatu. Kunyar nan taki ta yi yawa, ki riƙa ɗaga hannu a aji.

Yayanki,
Rufa'i

Doka, ƙarshen watan Mayu

Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum. Jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba. Ka gafarce ni, yau ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ba don jarrabawa na tambaye ka ba. Laifina ne da ban fito fili na faɗa ba.

Na karanta wa Baba wasiƙarka a gaban mutane, domin ya kira maƙwabta su ji. A cikinsu akwai Salisu direban tarakta, wanda aka haifa a nan. Tun farko shi ne ya ce wa Baba, "Malam Maliki, hor ba a yi masa maƙwabtaka." Da na kai inda ka ce ruwa maƙwabci ne mai kunya, sai Baba ya juya inda yake jin numfashin Salisu ya ce, "Ka ji ko? Daga Ingila."

Salisu ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Malam. Ɗanka ya yi karatu, mu tarakta kawai muka sani." Ya shafa gemunsa ya tashi. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara cewa uffan. Ka san yadda ake ɗaukar wasiƙar ɗan da ke karatu a waje, in an karanta ta a tsakar gida ta zama hukunci.

Yaya, hor ɗinmu ba shi da kunya. Ƙasarmu baƙar laka ce, in ta jiƙa sai ta rufe bakinta, ba ta shan komai. Ruwan da ke cika hor ba ma a nan ake yin sa ba, daga tuddan gabas yake tahowa, ta wajen Habasha. Yana iya isowa ana tsala rana a Doka. Akwai wata aduwa a bayan sabon ginin. Na tsaya a ƙarƙashinta na ɗaga kai, sai na ga tsofaffin karare da busasshiyar ciyawa sun naɗe a rassanta, duk sun kwanta ta fuska ɗaya. Iska ba ta yin haka. Wurin ya fi tsawona, ya fi tsawon ƙofar da Baba yake sassaƙawa. Baba ba ya iya ganinsu.

Hajo murna take yi, ta ce ƙafafunta sun gaji da hawa tudu da tulu. Ni kuwa sau da yawa na buɗe baki a gaban Baba, maganar ta maƙale. Yaya zan ce wa mahaifina abin da yake yi da hannunsa kuskure ne?

Zan gaya maka abin da ya zo mini a rai. Baba ba ya ganin takarda. Da na so, da na ƙara layi ɗaya a wasiƙarka na ce kai ka rubuta kada a tare. Har na shirya kalmomin. Amma ya amince da idona ne a madadin nasa, na kasa.

Saboda haka kai ka rubuta. Layi ɗaya ya isa. Kuma ka sani ba ruwa Baba yake so ba. Tsoro yake ji ba za ka dawo ba, tun ranar da ka yi maganar jaki. Taraktoci sun fita mashru, manyan gonakin nan, sun fara kaftu, gajimare yana taruwa a gabas. Ka yi sauri.

Ƙanwarka,
Ummusalama

Doka, watan Yuli

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya zuwa yanzu. Shiru ban ji daga gare ka ba. Ban sani ba ko wasiƙata ba ta same ka ba, ko ka ji haushin abin da na rubuta. In haushi ne ka yafe mini, amma ka amsa.

An yi ruwa sau biyu, hanyar Gadarif ta zama taɓo. Lorin da ke kawo saƙo daga shagon Maiturare ya kafe a hanya, an ce sai ƙasa ta tsane. Wannan takardar wani mai raƙumi zan ba.

Mun tare. An kwaso buhunan dawa an jera a ɗakin baya, an kafa wa Hajo gadonta kusa da ƙofa. Ƙofar ta yi kyau, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Bayan ruwan farko ɗan ruwa ya bi ta tsakiyar yashi, siriri kamar igiya. Baba ya sa kujera a bakin ƙofa yana sauraren sa. Ya ce mini, "Haka na Rufa'i yake yi?" Na ce ban sani ba.

An koma makaranta, ni ban koma ba. Baba ya ce in bi masu raƙuma. Na ce kaina yana ciwo, kuma ba ƙarya na yi ba. Ba zan iya zama a aji ina zana taswirar koguna ba alhali Hajo tana barcin rana a nan. In ruwa ya zo, ita ba ta gudu, shi ba ya gani.

Kullum idona yana gabas. Jiya can ya yi baƙi ƙirin tun hantsi, nan kuwa ko ɗigo.

Ummusalama

Ingila, watan Yuni

Zuwa ga mahaifina Malam Maliki, ta hannun Ummusalama,

Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, ina neman gafararka. Ummusalama, ki karanta wannan yadda yake, kada ki rage komai.

Baba, don girman Allah kada ku kwana a gidan bakin hor. In kun tare ku koma tudu yau. Abin da na rubuta a kan kogin nan gaskiya ne, amma a kan kogin nan kaɗai. Ban taɓa ganin hor ɗin Doka ba, na yi magana a kansa ban sani ba. Salisu ya fi ni gaskiya, a gaya masa na ce haka a gaban mutanen da suka ji waccan wasiƙar.

Da saƙon Ummusalama ya zo na kasa zama, na fita na bi kogin ta sama da ƙafa, ina son in ga mafarinsa. Na wuce makiyaya, na wuce gonaki, yana ta ƙanƙancewa har ya zama abin da yaro zai tsallake. A ƙarshe na tarar da ɗan kwari busasshe da ciyawa a ciki. Wani manomi ya ce wannan sashen sai da sanyi yake kawo ruwa. Na duba, ko a nan ba wanda ya yi gini a cikinsa.

Maganar jaki kuwa, Baba, maganar banza ce ta wanda kewa ta dama. Kogin nan yana da kyau, amma bai san sunana ba. In na gama karatu baɗi zan dawo, ko da ruwan Doka a cokali ake auna shi. Ba sai an gina mini komai ba.

Ɗanka,
Rufa'i

Doka, watan Agusta

Zuwa ga Yaya Rufa'i,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Kafin komai: Baba yana lafiya, Hajo tana lafiya, ni ma haka. Ka karanta wannan layin sau biyu, sannan ka ci gaba.

Wasiƙarka ta watan Yuni ba ta iso ba sai makon jiya. Tana cikin lorin da ya kafe.

Kwana kaɗan bayan na aika maka ta ƙarshe, gabas ta sake yin baƙi tun da safe. Na ga ba wasiƙar da za ta zo. Baba yana kan kujerarsa a bakin ƙofa. Na durƙusa na ce, "Baba, ina son ka raka ni wani wuri." Ya tambaye ni ko lafiya.

Na riƙe hannunsa na kai shi gindin aduwar nan. Na ce ya ɗaga hannu. Ya ɗaga, bai taɓa komai ba. Na ce ya ɗaga sandarsa. Sandar ta taɓa kararen, busasshiyar laka ta zubo masa a fuska. Ya sa na karyo masa ɗaya da sandar, ya murza shi, ya shinshina.

Ya ce, "Wa ya sa wannan a sama?"

Na ce, "Ruwa, Baba."

Ya share lakar daga fuskarsa. Sannan ya ce, "Yayanki ya ce ruwa yana da kunya."

Na ce, "Nasu ne mai kunya. Yaya bai san namu ba. Ni na gani, kai kuma ka ce ni ce idonka." Ban san inda na samo wannan maganar ba. Na ƙara da cewa, "In Yaya zai dawo, don kai zai dawo. In ba zai dawo ba, ƙofa ba za ta kawo shi ba."

Na ɗauka zai yi fushi. Ya daɗe yana juya karan a hannunsa. Can ya ce, "Je ki kira Salisu. Ki ce ya zo da tarakta da tirela, ki ce ni na roƙe shi."

Salisu bai ce "ai na faɗa" ba, Allah ya yi masa albarka. Aka loda dawa, aka ɗora Hajo a kan gadonta a saman buhuna tana ta faɗa, wai an mai da ita kayan kasuwa, wai in angonta ya dawo sai ta kai ƙararmu. Na ce a cire ƙofar. Baba ya ce a bar ta, gidan Rufa'i ba zai tsaya baki buɗe ba.

Ranar ba abin da ya faru. Washegari ma haka. Hajo ta yi ta yi mini gori, ni kuwa kunya kamar in nutse. A rana ta uku bayan azahar, rana tana haskawa, muka ji wani ruri daga gabas kamar motocin lori da yawa sun taho tare. Yara suka ruga bakin tudu. Ruwan ja ne, ya taho da itatuwa da mushen akuya a gabansa, tsayinsa kamar bango. Ban ga lokacin da gidan ya faɗi ba. Na ga rufin yana juyawa a kan ruwa, shi ke nan.

Baba yana tsaye kusa da ni. Ya ce, "Gaya mini abin da kike gani." Na gaya masa duka, ban rage ba. Ya ce, "Aduwar fa?" Na ce rassanta kawai ake gani. Ya ɗora hannunsa a kaina, bai sauke ba har ruwan ya fara ja baya.

Da wasiƙarka ta zo ya sa aka kira maƙwabta, har da Salisu. Na karanta. Salisu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Da na gama Baba ya ce, "Sake karanta wurin cokalin nan." Na sake. Ya ce in ƙara. Hajo ta ce, "Kai Maliki, za ka cinye takardar ne?"

Gobe zan koma makaranta, hanya ta buɗe. Na yi baya a darussa amma zan kamo.

Saura abu ɗaya. Masu cirar ciyawa sun tsinci ƙofar a wata gonar mashru can ƙasa, ta kafe a laka, ba ta karye ba. Salisu ya ɗauko ta. Baba ya wanke ta da hannunsa, ya kafa ta a ɗakin da ke kusa da nasa a kan tudu. Ya ce in rubuta maka haka, kalma da kalma: "Ƙofarka tana nan. Yanzu hanya take kallo, ta inda jaki yake zuwa, ta inda lori yake zuwa."

Ƙanwarka,
Ummusalama